YARON DA BA YA JI DA YARON DA BA YA GANI: DUKANSU SUNA DA WURI A LAKWAL

A watan Oktoba, idan an koma lakwal bayan hutun damina, malaman ƙauyukan gundumar Gidan Rumji sukan karɓi sabbin yara, waɗansu a ajin siminti, waɗansu a rumfar kara. Kafin wata biyu ya cika, sai malami ya lura da wani yaro wanda ake kiran sunansa ba ya amsawa, sai na kusa da shi ya taɓa shi. Ga kuma wata yarinya da take manna fuskarta a jikin allonta, ba ta duban babban allo, sai dai ta kwafa daga hannun ƙawarta. Shi a ce masa mai taurin kai, ita a ce mata daƙiƙiya. A ƙarshen shekara su maimaita aji, a shekara ta biyu iyaye su janye su. Alhali kuwa sau da yawa hankalin waɗannan yara garau yake. Kunne ne ko ido ya samu rauni, ba wanda ya bincika.

Wannan matsala ba ƙarama ba ce. Gundumar Gidan Rumji, mai nisan kimanin kilomita 50 daga birnin Maradi, tana da mutum fiye da 500,000 bisa ƙidayar 2012, a yankunan Gidan Rumji, Tsibiri, Cadakwari, Gidan Sori da Saye Sabuwa, kuma yara ne mafi yawansu. Haka abin yake a gundumomin Agye da Gazawa. Saboda haka ya wajaba iyaye da malamai da ma'aikatan hukuma su san mafarin wannan lalura, da alamunta, da yadda ake koyar da mai ita.

INDA ABIN YAKE FITOWA

Akwai yaron da ake haifa da kurumta ko makanta, amma da yawa cuta ce take jawo musu. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce wajen kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara abin da za a iya karewa ne.

Babban maƙiyin kunne a ƙasar nan shi ne sanƙarau, wanda yake tashi da rani da bazara, lokacin ƙura da zafi. Nijar ta sha annobarsa mai tsanani a 1995, kuma a 1996 ya mamaye ƙasashen Sahel, inda mutum wajen 250,000 suka kamu, wajen 25,000 suka rasu. Cikin mutum biyar da suka tashi daga wannan ciwo, ɗaya yakan saura da wata illa, kuma kurumta tana cikin waɗanda aka fi gani. Allurar rigakafin da aka soma a 2010 ta karya irin sanƙarau ɗin da ya fi addabar jama'a a da, amma a 2015 wani iri dabam ya ɓulla. Ke nan ba a gama da shi ba. Bayan sanƙarau akwai ƙyanda, da ciwon kunne mai zubar da mugunya wanda aka bari ya daɗe, da waɗansu allurai masu ƙarfi da ƴan tallan magani suke yi wa yara ba da iznin likita ba.

Ido kuma ƙyanda takan ci shi, musamman ga yaron da abincinsa ba ya da bitamin A. Alamar farko ta wannan rashi ita ce dundumi: yaro yana gani da rana, da magariba ta yi sai ya shiga lalube. Tun 1997 Nijar ta haɗa rabon ƙwayar bitamin A da ranakun rigakafin shan inna. A gida kuwa zogale, da mangwaro, da kabewa, da ƙwai, da hanta, da nono duk suna ɗauke da shi. Akwai kuma amodari, ciwon idon da ƙuda da ƙazanta suke yaɗawa, wanda ya daɗe yana wahalar da jihohin Maradi da Damagaram. Wanke fuskar yaro da ruwa da sabulu kowace safiya, da gina salga, su ne garkuwarsa. Wani jariri ana haifuwarsa da yana a ido, kuma likita yana iya cire ta idan an kai shi da wuri. Abin da ya fi ɓarna shi ne ɗiga ruwan ganye ko wani haɗi a idon da yake ciwo, ko tura gashin kaza da tsinken ashana cikin kunne.

ALAMUN DA ZA A DUBA

Uwa ce likita ta fari. Jariri mai ji yakan razana idan ƙwarya ko kwano ya faɗi kusa da shi. A wata shida yana juyowa wajen muryar uwarsa. Kafin ya shekara yana gwalan-gwalan, a shekara biyu yana haɗa kalma biyu. Idan waɗannan ba su zo ba, kada a tsaya ana cewa nauyin baki ne, zai yi magana in lokacinsa ya yi. Wanda ake kira bebe galibi harshensa lafiya yake, rashin jin magana ne ya hana shi koyonta. Jaririn da ba ya bin fuskar uwarsa da ido a wata uku, ko wanda aka ga farin tabo a tsakiyar ƙwayar idonsa, a kai shi gidan likita nan da nan.

Malami ma yana da gwaji mai sauƙi wanda ba ya cin ko dala. Ya tsaya bayan yaro, a toshe kunne ɗaya, ya raɗa lambobi, yaro ya maimaita, sannan a sake da ɗaya kunnen. Don gani kuwa, a tsayar da yaro mita 6 daga takardar gwajin ido mai harafin E, a rufe ido ɗaya, ya nuna da hannu inda ƙafafun harafin suka dosa. Wanda ya kasa, a rubuta sunansa, a sanar da iyayensa, a tura shi cibiyar lafiya ta CSI, daga can zuwa asibitin gunduma ko Maradi. Yara da yawa tabarau kawai suke bukata, waɗansu kuma magani ne na ƴan kwanaki.

YADDA AKE KOYAR DA MAI RAUNIN JI

Idon wannan yaro shi ne kunnensa. Sai a zaunar da shi a layin gaba, inda haske yake faɗa wa fuskar malami. Kada malami ya yi bayani ya ba aji baya yana rubutu. Ya gama rubutu, ya juyo, ya yi magana a natse, ba da ihu ba, gama ihu yana ɓata siffar leɓe. Kowace sabuwar kalma a haɗa ta da abinta: a nuna zangarniyar gero, a rubuta «gero», a yi alamarta da hannu. Kafin a wuce gaba, a sa yaron ya aikata abin da aka ce, domin gyaɗa kai ba shaidar fahimta ba ne.

Wanda ba ya ji ko kaɗan, harshensa shi ne maganar hannu. Wannan harshe ne cikakke mai ƙa'idojinsa, kuma kuramen ƙasar Hausa suna da nasu tun kaka da kakanni. A makarantu kuwa ana amfani da wanda ya samo asali daga aikin Andrew Foster, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka, da ya buɗe makarantar kurame a Gana a 1957, ya bi ƙasashen Afirka yana buɗe waɗansu har rasuwarsa a 1987. Maganar hannu ba ta hana yaro koyon karatu da rubutu, ita ce ma take buɗe masa ƙofa. Babban kurma na gari malami ne a wannan fanni, a gayyace shi aji.

YADDA AKE KOYAR DA MAI RAUNIN GANI

Shi kuma kunnensa da yatsunsa ne idanunsa. Duk abin da malami ya rubuta, ya karanta shi a fili. Ya kira yaron da sunansa, kada ya nuna shi da hannu, kada kuma ya ce «nan» ko «can», ya ce dama ko hagu. Mai ɗan sauran gani, kamar yawancin zabiya, a matso da shi gaba, a shafe allo ya yi baƙi sosai, a yi masa manyan haruffa. Lissafi a yi shi da tsakuwa da kara, taswirar Nijar a gina ta da yumɓu ya shafa. A zagaya da shi aji da randa da makewayi har ya haddace hanya, kuma kada a sauya wa tebura wuri ba a gaya masa ba.

Makaho yana da rubutunsa. Louis Braille, ɗan Faransa da aka haifa a 1809, ya makance yana ƙarami, ya ƙago wannan rubutu yana ɗan shekara 15. Ɗigo shida ne masu tudu, ana jujjuya su su ba da alama 63. Ana huda takarda mai kauri da tsinke daga dama zuwa hagu, a juya ta, a karanta da yatsa daga hagu zuwa dama.

HAKKI NE, BA SADAKA BA

A Yamai akwai makarantar kurame ta Hassane Bana Ba da makarantar makafi ta Soly Abdourahamane, akwai kuma makarantun kurame a Maradi da Damagaram. Amma waɗannan ba za su ɗauke dukan yaran karkara ba, kuma ba kowane uba ne yake da mai riƙon ɗansa a birni ba. Don haka ne taron Salamanka na 1994 ya yi kira da a karɓi kowane yaro a makarantar garinsu, tare da tsararrakinsa. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hakkin naƙasassu a 2008, ta kuma yi doka a kansu a 2019. Malamin da ya mayar da yaro gida don ba ya ji ko ba ya gani ya saɓa wa wannan alkawari.

Addini da tarihi ma sun riga sun nuna hanya. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, ya yi ladanci a Madina, kuma a kansa aka saukar da farkon suratu Abasa. Malam Aliyu Namangi na Zariya makaho ne tun yana ƙarami, shi ya tsara waƙoƙin Imfiraji da ake rerawa ko'ina a ƙasar Hausa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai gari da ungozoma sun san kowane gida mai irin wannan yaro, sai su ba da sunansa lokacin ɗaukar sabbin ƴan lakwal. Kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye mata su bi gida gida su shawo kan iyaye. Sufetocin makarantu su sa wannan darasi cikin tarurrukan ƙara wa juna sani na malamai, magadan gari kuma su ware wani abu cikin kasafin kuɗinsu don tabarau da kayan rubutun makafi da kuɗin mota zuwa Maradi. Wanda ya fito ajin yaƙi da jahilci ya fi kowa sanin zafin rashin karatu: ya karanta wannan shafi ga maƙwabtansa, ya tambaye su ko akwai yaron da aka bari a gida, ko aka tura bara, saboda kunnensa ko idonsa. In akwai, a kai shi gidan likita a wannan mako, daga nan a wuce da shi wurin shugaban lakwal.