Ciwon suga a ƙaramin ciki: Illar da ke riga awo isa ga jariri a Kudancin Kano

A ƙauyukan Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, kamar sauran ƙasar Hausa, ba a cika tallata ƙaramin ciki ba. Kunya, musamman a cikin fari, kan sa mace ta yi shiru har sai ciki ya fito fili kafin a yi maganar zuwa awo. Sai dai idan suga ya yi yawa a jininta, waɗannan watannin na shiru su ne mafi haɗari ga abin da ke cikinta.

Dalili kuwa shi ne, a makonni 10 na farko ake halittar zuciya, ƙwaƙwalwa da lakar jariri. Macen da ta shiga ciki da ciwon suga ba ta sani ba, ta fi fuskantar ɓari ko haihuwar jariri mai tawaya a zuciya ko ƙashin baya. Kafin ta je awo a wata na biyar, aikin gama ya gama.

Iri biyu ne

Tun a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta raba matsalar gida biyu. Idan aka auna jinin mai juna biyu da safe kafin ta ci komai aka samu 5.1 zuwa 6.9 a ma'aunin likitoci, wannan sugan ciki ne, wanda galibi kan sauka bayan haihuwa. Idan ya kai 7.0 ko fiye, ciwon suga ne sosai, mai yiwuwa ma tana da shi tun kafin cikin. Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa haihuwa ɗaya cikin shida a duniya na tattare da hawan suga.

Abin da ke ɓatar da mutane shi ne alamominsa: yawan fitsari, ƙishirwa da kasala, waɗanda kowa ke ɗauka laulayi ne. Gwajin fitsari ma ba ya wadatarwa, sai an auna jini.

Ƙaton jariri ba koyaushe ne abin murna ba

Sugan uwa na ratsa mabiyiya ya isa ga jariri, shi kuma jikinsa ya mayar da shi kitse. Jaririn da ya kai kilo 4 ko fiye kan jawo doguwar naƙuda, kai ya fito kafaɗa ta maƙale, ko a ƙare da tiyata. Naƙudar da ta daɗe a gida kuwa ita ce babbar hanyar yoyon fitsari. Uwar na iya samun hawan jini da jijjiga, jaririn kuma sugansa na iya faɗuwa sa'o'i kaɗan bayan haihuwa, ko numfashi ya yi masa wuya.

A nan ne nisa ke ƙara dagula lamarin. Macen da naƙuda ta rikice mata a Riruwai sai an ratsa dajin Falgore da ita, a wuce Tudun Wada da Kwanar Dangora, idan har ta kama a kai ta Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Wadda aka san matsalarta tun farko kuwa, tun da wuri za a tsara inda za ta haihu.

Ganowa da wuri na da amfani

An saba gwajin sugan ciki tsakanin mako na 24 da na 28. Amma wani bincike da aka wallafa a 2023, wanda ya ƙunshi mata 802 a Ostireliya, Ostiriya, Suwidin da Indiya, ya duba waɗanda aka gano sugansu kafin mako na 20. Cikin matan da aka fara kula da su nan take, kashi 24.9 na jariransu ne suka samu matsala, a waɗanda aka jinkirta kuwa kashi 30.5. Bambancin ya fi fitowa a matsalar numfashi.

Wa ya kamata ta nemi gwaji da wuri? Wadda ta taɓa haifar ƙaton jariri, ko ɗa ya mutu a cikinta, ko ta yi ta ɓari, mai ƙiba, wadda ta haura shekara 35, da wadda iyayenta ke da ciwon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar fara awo cikin makonni 12 na farko, a kuma je sau takwas.

Magani daga tukunya yake farawa

Yankin na noman masara ne da shinkafa, don haka ba a ce a daina tuwo ba. A rage malmala, a yawaita miyar ganye, wake, zogale, ƙwai da kifi. A rage sukari a kunu da fura, a bar lemon kwalba, a kuma taka ƙafa bayan cin abinci. Mata da yawa wannan ya ishe su, wasu kuma sai likita ya haɗa da ƙwaya ko allurar insulin.

Bayan haihuwa, a sake gwaji daga mako shida zuwa 12, wato da zarar an yi arba'in, domin wadda ta yi sugan ciki ta fi sauran mata haɗarin kamuwa da ciwon nan gaba. Kuɗin mota da izinin fita kuwa galibi a hannun maigida suke, shi ya sa zuwa awo da wuri ya rataya a wuyansa kamar yadda ya rataya a wuyanta.