Masu shafukan intanet a Kazaure da Babura: Tsakanin sauye-sauyen Google da neman na tuwo

Da wuya ka zauna a majalisar ɗaliban kwamfuta a garin Kazaure ba ka ji an ɗauko zancen buɗe shafin intanet da karɓar dala daga Google ba. Wani zai ce ya san wanda ya sayi babur da kuɗin talla. Wani kuma ya ce nasa shafin ya yi watanni yana tashe, sai ya wayi gari maziyarta sun ɗauke kamar ruwan ƙarshen damina, kuma har yau bai san laifin da ya yi ba.

Duka biyun suna faruwa. Abin da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba shi ne, hawa shafin farko na Google ya fi zama a kansa sauƙi, sannan ga wanda ke rubutu da Hausa akwai wani shinge na daban tsakaninsa da kuɗin tallar.

Yankin da ya daɗe da sanin kwamfuta

Ba abin mamaki ba ne a ce wannan sana'a ta samu masu sha'awa a arewa maso yammacin Jigawa. Tun farkon shekarun 2000 gwamnatin Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya mulki jihar daga 1999 zuwa 2007, ta kafa makarantar koyon fasahar sadarwa da aka fi sani da Informatics a Kazaure. A garin ne kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu take. A 2021 gwamnatin tarayya ta amince da kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura.

Duk shekara waɗannan makarantu na tara matasa daga Roni da Gwiwa da 'Yankwashi da sauran sassan ƙasar nan. Da yawansu na kammalawa ba aikin ofis da ke jiran su, sai waya a hannu da ilimin haɗa shafi a WordPress ko Blogger. Jarin farko bai taka kara ya karya ba: kuɗin rajistar sunan shafi, da hayar ma'ajiyar da za ta riƙe shi, da data. Wahalar na zuwa ne daga baya.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

Hanyar da aka fi sani ita ce AdSense, tsarin da Google ya ƙaddamar a 2003. Kamfanoni na biyan Google kuɗin talla, Google ya ɗora tallar a shafinka, sannan a raba kuɗin. Kamfanin ya ce mai shafi na tashi da kimanin kashi 68 cikin 100 na abin da mai talla ya biya. Daga 2024 ya koma biya bisa yawan nuna tallar, maimakon yawan latsa ta.

Akwai matakai biyu kafin kuɗi su shiga asusun banki. Idan abin da ka tara ya kai dala 10, za a aiko maka da lambar sirri ta gidan waya domin tabbatar da adireshinka. Ga wanda ke zaune a ƙauyen da babu lambar gida, wannan kaɗai na iya zama aiki. Bayan haka ba a biya sai kuɗin sun kai dala 100.

A ɗauki misali domin a gane lissafin. Idan shafi na samun dala ɗaya a kan kowane buɗewa 1,000, to sai an buɗe shi sau 100,000 kafin a kai dala 100. Farashin ba tsayayye ba ne. Ya danganta da ƙasar da mai karatu yake da kuma abin da ake rubutu a kai, shi ya sa maziyarci daga Amurka ko Ingila ya fi na gida tsada, domin masu talla a can sun fi zuba kuɗi.

Faɗuwar naira ta ƙara wa harkar kwarjini. Kafin a saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ɗaya tana wajen naira 460 a hukumance. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ke nan dala 100 da a da ba ta kai naira 50,000 ba ta koma wajen naira 150,000. Sai dai wanda ke biyan hayar ma'ajiyar shafi da dala, shi ma kuɗin da yake kashewa sun ninka haka.

Shingen harshe

AdSense na da jerin harsunan da yake karɓa. Akwai Turanci da Larabci da Faransanci da Urdu da harsunan Indiya da dama, amma an daɗe babu Hausa a ciki. Ƙa'idar kamfanin kuma ta hana ɗora tallarsa a shafin da akasarin rubutunsa ke cikin harshen da ba ya jerin.

Wannan ne ya sa ake ganin shafukan Hausawa da yawa da ke rubutu da Turanci a kan tallafin karatu da guraben aiki, ko shafukan waƙoƙin Hausa da ake yi wa bayani da Turanci. Matsalar ita ce, matashin Roni da ya koma rubutu kan tallafin karatu a Kanada ya shiga gasa ke nan da dubban shafuka daga Legas zuwa Indiya, kuma duk abu ɗaya suke kwafa. Wanda kuma ya ɗora waƙa ko fim ɗin wani ba izini yana wasa da wuta, domin Dokar Haƙƙin Mallaka da aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023 ta bai wa mai fasaha damar neman a sauke kayansa daga intanet.

Girma ma ba ya kare mutum daga wannan. A watan Oktoban 2014, Google ya sauke shafin Linda Ikeji, ɗaya daga cikin mafiya shahara a Najeriya, bayan zarge-zargen amfani da kayan wasu ba izini. An dawo da shi bayan 'yan kwanaki, amma darasin ya fito fili: zanen aro ba ya rufe katara.

Ranar da aka sauya ma'auni

Fiye da kashi 90 cikin 100 na binciken da ake yi a intanet a Najeriya ta Google ake yin sa, don haka duk sauyin da ya yi a tsarin jera shafuka yana taɓa aljihun mutane. Kuma yana yin manyan sauye-sauye sau da dama a kowace shekara.

A 2011 ya kawo sauyin da aka kira Panda, wanda ya durƙusar da shafuka masu rubutun da ba shi da nauyi. A 2012 Penguin ya biyo baya, ya auka wa masu sayen mahaɗai daga wasu shafuka domin a ɗauka suna da farin jini. A watan Agustan 2022 aka fara fifita rubutun da aka yi domin amfanin mutane a kan wanda aka yi domin jan hankalin na'ura.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi girgiza ƙananan shafuka shi ne na watan Maris na 2024, wanda ya ɗauki kwana 45 kafin ya kammala. Google ya ce ya rage kwafaffen rubutu marar inganci a sakamakon bincike da kashi 45 cikin 100. A lokacin ne ya haramta zuba ɗaruruwan rubuce-rubuce marasa amfani domin hawa sama, ko da hannu aka yi su ko da ƙirƙirarriyar basira. Ya kuma haramta sayen tsohon sunan shafi mai daraja a cika shi da shara.

Bayan wata biyu sai ga wani ƙalubalen. Google ya fara ɗora taƙaitacciyar amsa ta ƙirƙirarriyar basira a saman sakamakon bincike, da farko a Amurka, daga baya a ƙasashe fiye da 100. Wani bincike da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a watan Yulin 2025 ya nuna cewa idan irin wannan amsa ta bayyana, kashi 8 cikin 100 ne kawai na binciken ke ƙarewa da latsa wani shafi, saɓanin kashi 15 idan babu ita. Ma'ana, kana iya zama na ɗaya a jeri amma mai tambaya ya samu amsarsa bai shigo wurinka ba.

Me ke riƙe shafi a sama?

Idan aka duba sauye-sauyen nan tun daga 2011, alƙiblarsu ɗaya ce: wanda ya kwafo yana faɗuwa, wanda ya kawo abin da babu a wani wuri yana daɗewa. A nan ne ɗan Kazaure ko Babura ke da abin da babban kamfani ba shi da shi.

Ba zai iya gasa da BBC Hausa ko Aminiya ko RFI kan labarin Abuja ko Gaza ba. Amma su ma ba za su zauna su rubuta yadda sabon ɗalibi zai samu ɗakin haya kusa da jami'ar Babura ba, ko nawa ne kuɗin mota daga Kano zuwa Kazaure a wannan makon, ko farashin riɗi da zoɓo da gero a kasuwannin yankin, ko halin da masunta da manoman rani ke ciki a bakin dam ɗin Kazaure. Haka tarihin masarautar tun daga Ɗantunku, da hotunan hawan sallah, da duwatsun Roni. Na'ura ba ta iya taƙaita abin da ba a taɓa rubutawa ba. Da ɗan gari akan ci gari.

Sauran abubuwan na kula ne da kullum. Google na auna shafi ne da yadda yake buɗewa a waya, kuma shawararsa ita ce babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa biyu da rabi. Ga mai karatu a Gwiwa da sabis ke yi masa wasa, hoto mai nauyi da tallace-tallace biyar a jere na nufin zai fita kafin ya ga layin farko.

Kanun rubutu ya kamata ya yi kama da yadda mutane ke tambaya, kuma ya cika alƙawarin da ya ɗauka. Sunan marubuci da ranar rubutu da hanyar tuntuɓa su fito fili. Rubutun da ya tsufa, kamar na kuɗin makaranta ko ranar rufe rajista, a koma a gyara shi a inda yake, kada a sake buɗe wani sabo a bar na da yana ɓatar da mutane.

Idan kuma maziyarta suka ragu, gaggawa ita ce babban kuskure. Akwai manhajar Search Console, kyauta ce, tana nuna waɗanne rubuce-rubuce ne suka faɗi da kuma tambayoyin da ke kawo mutane. Google da kansa na ba da shawarar a jira aƙalla mako guda bayan kammala sauyi kafin a yanke hukunci, kuma ya ce farfaɗowa na iya ɗaukar watanni. Wani lokaci ma ba sauyi ba ne, lokaci ne ya wuce: shafin da ke rayuwa kan neman gurbin karatu dole ya yi sanyi idan an rufe rajista.

Akwai kuma gajerun hanyoyin da ke kashe shafi gaba ɗaya. Latsa tallar kanka, ko shiga zaurukan WhatsApp na "latsa min in latsa maka", ko sayen maziyartan bogi, duk suna iya sa a rufe asusun AdSense tare da riƙe kuɗin da ke ciki.

Wuta da data

Shafin da ba a kula da shi yana komawa baya, kuma kula na buƙatar wuta da data. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa, har da Kano da Katsina da Jigawa, sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Duk wanda zai shiga sana'ar ya kamata ya sa kuɗin caji ko ƙaramar sola a lissafinsa tun farko, tare da ajiye kwafin shafinsa a wani wuri.

Ƙofa ɗaya ba ta isa

Tunda AdSense ba ya karɓar Hausa, mai rubutu da Hausa zai fi cin riba idan ya nemi masu talla da kansa. Makarantar kuɗi da ke ɗaukar ɗalibai, da mai sayar da taki da irin shuka, da mai shagon waya ko kayan sola, ba su da buƙatar maziyarta miliyan daga ƙasashen waje. Mutum dubu biyu na yankin da za su iya zuwa shagonsu sun fi musu amfani. Sharaɗin shi ne a bayyana wa mai karatu cewa talla ce, kada a shigar da ita a rigar labari.

Akwai kuma karɓar la'ada idan aka sayi kaya ta hanyar shafinka a kasuwannin intanet, da sayar da ƙananan littattafai ko darussa ta Selar, da haɗa wa 'yan kasuwa da makarantu nasu shafukan. Masu bidiyo na da YouTube, inda cikakken rabon kuɗin talla ke buƙatar mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 a cikin shekara, da kuma Facebook da ya buɗe wa 'yan Najeriya ƙofar samun kuɗi a tsakiyar 2024.

Mafi muhimmanci shi ne mallakar masu karatu. Wanda ya shigo ta Google baƙo ne, gobe ana iya nuna masa wata ƙofar. Wanda ya shiga tasharka ta WhatsApp ko Telegram, ko yake rubuta sunan shafinka kai-tsaye, shi ne naka. Idan rabin masu karatunka irin waɗannan ne, sauyin Google zai taɓa ka amma ba zai rufe maka shago ba.

Ga ɗalibin da ke shirin sayen sunan shafi a wannan zangon, tambayar farko ita ce me ya sani wanda mutanen Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa ke nema a waya ba sa samu. Idan yana da amsa, ya ware wata shida zuwa shekara yana rubutu ba tare da sa ran ko sisi ba, kuma kada ya saki karatunsa ko sana'ar hannunsa kafin kuɗin shafin su fara shigowa a kai a kai.