Abin da ya kamata ku sani kafin ku gyara madafa da falo da kanku

A garin Banyo na Kamaru, duk wanda ya ƙudiri gyaran madafa ko falo, ya fara duban sama kafin ya dubi bango. Garin yana kan tudun Adamawa, damina kuma doguwa ce, daga wajen Afrilu har Oktoba. Fentin da aka shafa ƙarƙashin kwano mai yoyo ba ya ganin damina biyu. Don haka aikin farko shi ne a hau rufi, a sauya kwanon da ya yi tsatsa, a duba katakon ko gara ta ci shi. Lokacin wannan aiki kuwa rani ne, daga Nuwamba zuwa Maris.

Akwai wani dalilin zaɓen rani. Kayan gini daga nesa suke zuwa: siminti ko daga Duwala, inda kamfanin Dangote ya fara aiki a 2015, ko daga masana'antar Cimencam ta Figil, arewa da Garwa. Idan ruwa ya sauka, hanyar Fumban zuwa Banyo takan wahalar da manyan motoci. Amma kada ku tara siminti da yawa don gudun tsada. Buhun da ya wuce wata uku a ajiye ƙarfinsa yana raguwa, wanda ya sha danshi kuma ya zama dutse. Ku ɗora shi kan katako, nesa da bango.

Inda na fi so ku tsaya ku yi tunani shi ne hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida yana kashe mutum kusan miliyan 3 duk shekara, kuma uwargida da ɗan da ke bayanta su ne suka fi shaƙarsa. Baƙin da kuke gani a bangon madafa, irinsa ne ke shiga ƙirjinsu. Shafe shi da fenti ba gyara ba ne. A buɗe taga biyu masu kallon juna, a bar kafa a can sama kusa da rufi, murhun itace kuma a yi masa bututun da zai fitar da hayaƙi waje. Mai girki da gas ya sani cewa gas ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaye ƙasa yake kwantawa, saboda haka madafarsa tana bukatar kafa ta ƙasa. Kafin a gina teburin girki, a kira mai girkin ta tsaya a gwada da tsayinta. Galibi santimita 85 zuwa 90 ne.

Bangon jar ƙasa ba ya riƙe filastar siminti da kyau. Takan kumbura ta ɓare, ta kuma ɓoye danshi a ciki. Yaɓen ƙasa mai kyau da doguwar indararo sun fi masa amfani. A bangon bulo kuwa, awo ɗaya na siminti da huɗu ko biyar na yashi mai tsabta ya isa. A riƙa yayyafa masa ruwa kwana bakwai, musamman da hunturu, a jira kamar wata guda kafin fenti. Daɓen madafa ya ɗan gangara zuwa rariya.

Falo bai da wahala haka. Toshe tsaga, goge bango, fenti mai haske da zai ƙara wa ɗaki fili, duk maigida da yaransa za su iya. In za a sa tayil, a ƙara kashi 10 cikin 100 kan abin da aka auna, domin wasu za su fashe wajen yanka.

Abu biyu ne ban yarda kowa ya taɓa da kansa ba, don kada a yi gyaran gangar Auzinawa. Na farko, rushe bango tsakanin falo da ɗaki don a faɗaɗa: wataƙila shi ke ɗauke da rufin, sai magini ya duba. Na biyu, wayar lantarki. Wutar gida a Kamaru volt 220 ce, tana kisa, ga madafa wurin ruwa ne. Ku kira mai aikin wuta, ku biya shi haƙƙinsa.