Faifan Farko Na Joy Division Da Zargin Bin Hitila

A cikin watan Yuni na 1978 wasu samari huɗu daga yankin Mancesta a Ingila suka fito da wani ɗan ƙaramin faifan garmaho mai inci 7, mai ɗauke da waƙoƙi huɗu kacal, suka sa masa suna "An Ideal for Living". Sunan ƙungiyarsu Joy Division, wadda a yau ake lissafa ta cikin jagororin salon da ya biyo bayan kiɗan tawayen samari da Turawa ke kira "pank".

Babu kamfanin da ya ɗauki nauyinsu. Mawaƙinsu Ian Curtis ne ya ciwo bashin fam 400 daga banki, suka shiga wani ɗakin ɗaukar murya a garin Oldham a Disamba 1977, aka buga musu faifai 1,000. To, amma da aka cusa kiɗa na kusan minti 13 a kan ɗan faifan nan sai layukansa suka matse, sauti ya fito a shaƙe, har su kansu makaɗan ba su ji daɗinsa ba.

Sai dai ba sautin ne ya fi jawo magana ba, bangon faifan ne. Mai kaɗa musu jita, Bernard Sumner, ya zana wani yaro na ƙungiyar matasan Hitila yana buga ganga, a ciki kuma ga hoton nan na yaron Bayahude a birnin Warso, hannuwa sama, sojan Jamus na tsaye da bindiga. Sunan ƙungiyar ma daga littafin "House of Dolls" aka ciro shi, inda yake nufin matan da 'yan Nazi suka tsare a sansani suna lalata da su ƙarfi da yaji.

Ya kamata mai karatu ya tuna irin zamanin. A lokacin jam'iyyar National Front tana zanga-zanga a titunan Ingila tana neman a kori baƙar fata da 'yan Asiya, har a Afrilu 1978 dubban matasa suka taru a Landan a wani bikin kiɗa na ƙin wariyar launin fata. Saboda haka da masu sharhi a jaridun kiɗa suka tambaya ko samarin nan 'yan Nazi ne, ba neman fitina suke yi ba. Makaɗan sun musa, waƙoƙinsu kuwa ba su yabi Hitila ba. Amma wanda ya ɗora irin wannan zane a bango a 1978 ba shi da bakin cewa an yi masa mummunar fahimta.

Manajansu Rob Gretton ya sa aka sake buga faifan a kan inci 12 cikin shekarar, sauti ya washe, aka kuma canja bangon da hoton ƙarafan gini. Daga nan ne kunnuwa suka fara komawa kan kiɗan, musamman jitar Peter Hook mai kaurin murya da gangar Stephen Morris. A Yuni 1979 kamfanin Factory ya fito da babban faifansu "Unknown Pleasures", masu sharhi suka yi ta yabo.

Curtis ya kashe kansa ran 18 ga Mayu 1980 yana da shekara 23. Sauran ukun suka ci gaba da sunan New Order, wanda shi ma ya sake tayar da tsohon zargin. Waƙoƙin nan huɗu sun sake fitowa a 1988 cikin tarin "Substance".