Cocin Dare da Gajiyar Talaka: Daga Cité Verte Zuwa Briqueterie

Duk sa'ad da hukuma a Yawunde ta garƙame wani cocin da ke kwana yana addu'a da lasifika, gardama iri ɗaya ake yi: wasu su ce an huta da hayaniya, wasu su ce ana tsananta wa masu bi. Haka aka yi a watan Agusta na 2013, lokacin da gwamnatin Paul Biya ta ba da umarnin rufe majami'un farkawa kusan 100 saboda rashin takardar izini da kuma rayukan da ake rasawa a wuraren addu'ar warkarwa. Abin da ba a tambaya shi ne, wa ke cika waɗannan ɗakuna har asuba, kuma me ya kai shi?

Gajiyayyu ne. Ka tsaya da daren Juma'a a hanyar da ta fito daga unguwar Cité Verte ta nufi unguwar Briqueterie, inda hayaƙin tsire ke turnuƙe titi. Za ka ga matar da ta wuni tsaye kan tumatur a kasuwar Mokolo, ƙafafunta a kumbure cikin silifa, ta goya yaro, Littafi Mai Tsarki a cikin leda, ta nufi addu'ar dare. Ga ɗan acaɓa a bayanta, idonsa jawur. Na taɓa zama kusa da irin wannan baiwar Allah ran Lahadi da safe. Ana tsakiyar wa'azi kanta ya langaɓe a kafaɗata, da ta farka sai ta kama ba ni haƙuri, wai Shaiɗan ne ya sace ta. Na ce mata, "Mama, ba Shaiɗan ba ne, barci ne, kuma haƙƙinki ne."

Wanda ya karanta Littafin Sarakuna na Fari, sura 19, ya san Allah bai ɗauki gajiya a matsayin zunubi ba. Annabi Iliya ya gudu daga Yezebel, ya faɗi a gindin wani itace a jeji, ya roƙi mutuwa. Mala'ikan da ya zo masa bai ɗora masa azumi ba. Gurasa ya ba shi da tulun ruwa, ya bar shi ya koma barci, ya sake ciyar da shi, sannan aka yi maganar tafiya Horeb. Yesu ma, a Markus sura 6, da ya ga almajiransa ko sukunin cin abinci ba su samu, ya janye su gefe don su huta.

Akwai kuma tarihin da muka yi sakaci da shi, kuma yana ci mini rai. Da an ce Briqueterie, sai masallaci da tsire da shagunan teloli su zo wa mutum a zuci, kuma gaskiya ne, unguwar Hausawa ce da ta samo sunanta daga wurin gasa bulo na zamanin Jamus. Amma Hausa harshen Bishara ce tun da daɗewa. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma jagoran wannan aiki, Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya, likita ne. A Wusasa coci da makaranta da asibitin St. Luke tare suka tashi, daga wannan gari kuma aka sami Dakta R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewacin Nijeriya. A Galmi ta Nijar, mishan ɗin SIM asibiti ya kafa a 1950, har yau marasa lafiya na tururuwa can. Nan Kamaru, 'yan mishan na Norway da suka sauka Ngaundare a 1925 sun bar asibitin da jama'ar Adamawa, Musulmi da Kirista, ke kwanciya a cikinsa. Ana iya samun laifin waɗannan Turawa a abubuwa da dama, amma sun gane cewa rai a cikin jiki yake zaune. In mutum ya zo musu da zazzaɓi, kwinin suke ba shi da gado, addu'a ta biyo baya. Yaya aka yi jikokinsu a bangaskiya suka koma gaya wa mai hawan jini ya ajiye magani ya yi kwana uku ba ci ba sha?

Laifin bai tsaya kan fastoci ba. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta wajabta hutun awa 24 a jere kowane mako, yawanci ran Lahadi. A tambayi yarinyar da ke aikatau a gidajen Cité Verte, ko maigadin da ya baro yankin Arewa Mai Nisa saboda Boko Haram, yaushe rabonsu da irin wannan rana. Uwargidan da ke rera waƙa a zumuntar mata ta bar 'yar aiki da tulin wanki ran Lahadi, ita ma tana da abin tuba. Jami'an da ke saurin kawo kwaɗo su rufe coci, su kawo irin wannan sauri wajen duba masu ɗaukar ma'aikata.

Addu'ar dare tana da gurbinta, Ubangijinmu da kansa ya kwana yana addu'a a kan dutse. Sai dai bai mai da ita aikin kowane dare ga mayunwata ba.

Baba Fasto, dattawan ikkilisiya, don girman Allah ku rage dararen nan, ku kashe lasifika da wuri saboda maƙwabta Musulmi da za su tashi sallar asuba. Wanda ya zo muku a galabaice, ku fara tambayarsa ko ya ci abinci, in ba shi da lafiya ku raka shi asibitin gunduma na Cité Verte, sannan ku sallame shi ya je gida ya kwanta.