Kimiyyar Da Ke Ɓoye A Cikin Salon Maganar Turanci

Duk Bahaushe ya san cewa idan aka ce wane yana da farin jini, ba wanda zai garzaya da shi asibiti. Haka kuma wanda aka ce yana da dogon hannu ba tela ake nema masa ba, kaffa-kaffa ake yi da shi a kasuwa. Amma baƙon da ya koyi Hausa daga ƙamus kaɗai, ya san "fari" ya kuma san "jini", zai tsaya sororo in ya ji an haɗa su. Irin wannan tarko ne ke jiran ɗalibi a jarrabawar Turanci ta WAEC, inda akan kawo jimla a ce ya zaɓi ma'anar da ta fi dacewa da ita. Sau da yawa ɗalibin ya san kowace kalma da ke cikin jimlar, amma ya faɗi tambayar.

Masana harshe suna kiran wannan salon magana, wato jerin kalmomi da suka dunƙule suka ba da ma'anar da ba a samun ta ta hanyar fassara su ɗai-ɗai. Da yawa daga cikin na Turanci sun fito ne daga maƙera da masaƙa da jiragen ruwa, wasu kuma daga abin da mutanen da suka zata game da dabbobi. Wanda ya san asalin magana da wuya ya manta ma'anarta.

A ɗauki "the acid test". Tun da daɗewa maƙeran farfaru suke goga ƙarfen da ake shakka a kan wani baƙin dutse, sa'an nan su ɗiga asid ɗin naitirik a kan zanen da ya bari. Wannan asid yana cinye tagulla da jan ƙarfe, amma ba ya iya taɓa zinariya. In zanen ya ɓace jabu ne, in ya tsaya zinariya ce. Gwajin ya yi amfani ƙwarai a ƙarni na 19, musamman bayan da aka gano zinariya a Kalifoniya ta Amurka a 1848, mutane suka yi ta tururuwa can. Daga nan maganar ta bar maƙera, ta koma nufin duk wani gwaji da ke raba aya da tsakuwa. Saboda haka in aka ce jarrabawar ƙarshe ita ce "acid test" ta sabon tsarin koyarwa, ana nufin ita ce zakaran gwajin dafi.

Labarin "as mad as a hatter" ya fi wannan ban tausayi. A zahiri maganar na kwatanta mutum da mai sana'ar hula wajen hauka, ana kuma faɗar ta ga wanda ke abubuwa kamar mai taɓin hankali. To, me ya haɗa hula da hauka? A ƙarni na 18 da na 19 masu yin huluna a Faransa da Ingila da Amurka suna amfani da gashin zomo da na wasu dabbobi. Domin gashin ya cakuɗe ya yi kauri, sai su shafe shi da wani sinadari mai ɗauke da zaiba, wato ƙarfen nan mai kama da ruwa da ake gani cikin tsofaffin ma'aunan zafi. Idan aka dumama gashin, zaibar takan tashi ta bi iska, ma'aikata kuma su yi ta shaƙar ta shekara da shekaru cikin ɗakuna marasa tagogin kirki. Zaiba kuwa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi take kamawa. Sai hannu ya fara makyarkyata, haƙora su zube, magana ta sarƙe, mutum ya zama mai saurin fushi da gudun jama'a. A garin Danbury na Amurka, wanda ya shahara da wannan sana'a, har an laƙaba wa makyarkyatar sunan garin. Ba a hana amfani da zaiba a masana'antun huluna na Amurka ba sai a 1941. Mafi yawan masana da wannan cuta suke danganta maganar, kuma littafin Lewis Carroll na labarin yarinya Alice, wanda ya fito a 1865 da wani mai hula mai shirme a cikinsa, ya ƙara yaɗa ta. Abin lura shi ne, zaibar nan ce dai masu haƙar zinariya da hannu suke ƙonawa a yau a sassan Afirka ta Yamma, kuma hayaƙinta bai sake hali ba.

"Once in a blue moon" na nufin abin da ba ya faruwa sai jefi-jefi, bayan an daɗe ƙwarai. Mai karatu zai iya cewa ai wata ba ya yin shuɗi, amma yakan yi. A 1883 dutsen Krakatoa da ke Indunusiya ya yi aman wuta, ya watsa toka sararin samaniya, mutane a ƙasashe da dama suka riƙa ganin wata shuɗi. Dalili shi ne ƙwayoyin tokar da girmansu ya kai kamar kashi ɗaya cikin dubu na milimita suna tarwatsa jan haske su bar shuɗin ya wuce. An sake ganin haka a 1950, lokacin da hayaƙin gobarar daji a Kanada ya kai har Turai.

Akwai kuma wata ma'ana ta masu kalanda, wadda ta bazu bayan wani kuskure da aka buga a mujallar taurari ta Sky & Telescope a 1946. A wannan ma'ana, shuɗin wata shi ne cikar wata ta biyu a cikin watan Bature guda. Tsakanin cika da cika kwana 29 da rabi ne, watannin Bature kuma ban da Fabrairu kwana 30 ne ko 31, don haka ana samun wannan sau ɗaya a shekara biyu zuwa uku. A kalandar Hijira ba ya yiwuwa, tunda kowane wata daren sha huɗu guda gare shi.

Lissafi kaɗan ya isa ya warware "the tip of the iceberg". Lita ɗaya ta ƙanƙara nauyinta gram 917 ne, ta ruwan teku kuwa kimanin gram 1,025. Saboda haka tsaunin ƙanƙara da ke yawo a teku kusan kashi tara cikin goma nasa a nutse yake. Irinsa ne jirgin Titanic ya yi karo da shi a 1912, mutane fiye da 1,500 suka halaka. Maganar na nufin matsalar da abin da aka gani daga cikinta ɗan kaɗan ne a kan wanda ke ɓoye.

Ba kullum ne salon magana yake dacewa da kimiyya ba. Turawa kan ce mutum ya yi "bury his head in the sand" idan ya ƙi fuskantar matsalar da ke gabansa, wai kamar yadda jimina ke cusa kanta cikin rairayi in ta ga abokin gaba. Jimina ba ta yin haka, da numfashinta ya ɗauke. A ɗan rami take yin ƙwai, takan sunkuya ta juya su da baki, mai hange daga nesa sai ya ga kamar kan ya shige ƙasa. In kuwa haɗari ya matso, tsuntsuwar da ke gudun kilomita 70 a sa'a ba ta rasa dabara ba. Haka nan "a red rag to a bull", abin da ke harzuƙa mutum nan take. Shanu ba sa bambance ja sosai, kaɗawar ƙyallen ce ke tunzura bijimi a filin wasan Sifen. Shi kuwa kada an yi masa rabin adalci. "Crocodile tears" kukan munafunci ne, bisa tsohon zancen cewa kada na kuka yayin da yake cin wanda ya kama. A wani bincike da aka buga a 2007, Kent Vliet na Jami'ar Filorida da abokin aikinsa sun lura da dangin kada guda bakwai suna cin abinci, biyar daga ciki suka zubar da hawaye. Hawayen gaskiya ne, baƙin cikin ne babu. Duk da haka kuskuren mutanen da bai rage wa maganganun nan ƙarfi ba, ɗalibin da ya tsaya musu da mai jarrabawa kan halin jimina shi zai rasa makinsa.

Kalmomin salon magana a kafe suke, ba a musanya su. Kamar yadda ba a cewa "farin ruwan jiki" a madadin farin jini, haka ba a sa koren wata a gurbin shuɗi. Sa'an nan kowace magana da muhallinta. "Kick the bucket" na nufin mutuwa, amma da sigar raha da rashin girmamawa, kusa da yadda Bahaushe zai ce wane ya sheƙa barzahu. Ɗalibin da aka ce ya rubuta wasiƙar ta'aziyya ga shugaban makaranta, "passed away" ya kamata ya sa, domin ita ce daidai da "ya riga mu gidan gaskiya".