3.2 Ra'ayin Jama'ar Jahun da Matsayin Nijeriya Kan Jamhuriyar Nijar a Shekarar 2023

Manufar harkokin waje ita ce tafarkin da ƙasa take bi wajen hulɗa da sauran ƙasashe. A tsarin mulkin Nijeriya na 1999, shugaban ƙasa ne yake jan ragamar wannan al'amari, amma sashe na 5 ya hana shi tura sojoji yaƙi a wata ƙasa ba tare da amincewar Majalisar Dattawa ba. Ta wannan kafa ce ra'ayin talakawa yake samun shiga, kamar yadda za a gani a rikicin Nijar.

A ranar 26 ga Yuli, 2023, sojoji ƙarƙashin Janar Abdurrahman Tchiani suka hamɓarar da Shugaba Muhammad Bazoum. Bayan kwana huɗu, ƙungiyar ECOWAS, wadda Shugaba Bola Tinubu yake jagoranta a lokacin, ta ba su wa'adin mako guda su mayar da shi kan mulki, ko kuwa a yi amfani da ƙarfi. Nijeriya ta rufe iyaka, ta kuma yanke wutar lantarkin da take ba Nijar.

Ƙaramar Hukumar Jahun tana tsakiyar Jihar Jigawa ne, cikin masarautar Dutse, don haka ba ta yi iyaka da Nijar ba. Duk da haka, wannan mataki ya shafi mutanenta kai tsaye saboda dalilai uku.

Dalili na farko shi ne kasuwanci. Kasuwar Maigatari da ke bakin iyaka, wadda take ci ranar Alhamis, tana daga cikin manyan kasuwannin dabbobi a Arewa. Daga Nijar ake shigo da shanu da tumaki da awaki da raƙuma, su kuma fatake su fita da hatsi da sauran kayan masarufi. Dabbobin da aka saya a can sukan gangaro kasuwannin tsakiyar jihar kamar Gujungu da Shuwarin, inda manoma da masu kiwo na ƙasar Jahun suke saye da sayarwa. Idan aka toshe wannan hanya, dillali da direba da manomi duk sai sun ji a jikinsu.

Dalili na biyu shi ne zumunci. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata iyakar ta hanyar yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, suka raba al'umma mai harshe ɗaya da addini ɗaya. Auratayya da almajiranci da cirani sun ci gaba da haɗa Jigawa da ƙasar Damagaram. Bahaushe kuwa ya ce, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Dalili na uku shi ne tarihi. A lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, Shugaba Hamani Diori ya mara wa Gwamnatin Tarayya baya, sannan a 1971 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu mai hedikwata a Yamai.

Hanyar da jama'a suke samun labarin duniya ita ma abin lura ce. Tun daga 1957 da aka buɗe Sashen Hausa na BBC, rediyo ya zama abokin hirar manomi. Abin da aka saurara da safe shi ake tattaunawa a majalisa da teburin mai shayi, daga nan ya isa kunnen malamai da sarakuna da 'yan siyasa. A watan Agusta na 2023, sanatocin Arewa sun fito fili sun ƙi yarda da yaƙi, suka ambaci jihohi bakwai masu iyaka da Nijar, ciki har da Jigawa. A ranar 5 ga watan, Majalisar Dattawa ta shawarci shugaban ƙasa da ya bi hanyar sulhu. Janar Abdussalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar sun je Yamai, haka ma tawagar malamai ƙarƙashin Shaikh Abdullahi Bala Lau.

A ƙarshe ba a gwabza yaƙin ba. ECOWAS ta janye yawancin takunkuman a Fabrairun 2024, Nijeriya kuma ta buɗe iyaka a watan Maris. Sai dai Nijar da Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairu, 2025.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa ra'ayin jama'a, irin na mutanen Jahun da maƙwabtansu, yana daga cikin abubuwan da suka taka wa gwamnati birki. Amma ƙarfinsa ya tsaya ne ga hana yaƙi, bai kai ga ɗinke ɓarakar da ta auku tsakanin gwamnatoci ba.